Keken kabon na gwanjo ko na alminiyam haɗe da tirena? Ina neman shawara kafin hunturu ya kankama

Baban Ummi, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu feda. Shawara nake nema, kuma so nake in yanke hukunci kafin ƙarshen watan nan.

Harkar keke ta shiga raina ne a 2024, lokacin da na riƙa bin gasar tseren keke ta Tour de France a waya har Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku, ya kuma tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki. Abin da nake hawa tun lokacin tsohon keken hawa dutse ne mai ƙafa inci 26, firam ɗinsa ƙarfe, a hannun maƙwabcina na saye shi. Duk Asabar bayan sallar asuba mu huɗu muke kama hanyar Gwarzo, mu wuce sabuwar Jami'ar Bayero, idan mun ci kilomita 25 mu juyo. Sauran ukun duk kekunan tsere gare su. Ba su taɓa barina a hanya ba, amma na san ina rage musu gudu, kuma abin yana ci mini rai.

Na yi adashi na wata goma, na kwasa, kuma na ga kekuna biyu wajen masu kawo gwanjo daga Turai. Na farko firam ɗinsa kabon ne, wani abu marar nauyi wanda ba ƙarfe ba, kayan giyarsa Shimano 105 mai giya 11 a baya, birkin roba, taya milimita 25, lambar girman firam 58. Da yatsu biyu na ɗaga shi. Sai dai kuɗin nan kaf zai cinye. Na biyun alminiyam ne, Shimano Sora mai giya 9, birkin faifai mai waya, taya 32, lamba 54. In na ɗauke shi, canjin da zai rage zai isa in sayi tirena, na'urar nan da ake ɗora keke a kai mutum ya yi ta tuƙi a cikin ɗaki.

Dalilin tirenar shi ne ina da asma. Bara da hazo ya sauko, fita biyu na yi ƙirjina ya riƙe, likita ya ce in kiyayi ƙura. Wata biyu ban taɓa feda ba, ga azumi ya biyo baya. Da na dawo bayan Sallah, kilomita 15 ta gagare ni. Ba na so a maimaita haka bana. Tsawona mita 1.72 ne. Zuciyata tana wajen kabon ɗin nan, amma ku faɗa mini gaskiya.

Mai Feda, Jos

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Tsawon da ka rubuta a ƙarshe shi ya gama maganar. Lamba 58 ta dogaye ce, waɗanda suka haura mita 1.80. Kai 54 ce taka, a wasu kamfanonin ma 52. Ni na yi wannan kuskuren da kekena na farko, don ya burge ni na saye shi alhali ya fi ƙarfina. Na sauke sirdi har ƙasa, na sa gajeren wuya, duk da haka bayan awa ɗaya wuyana da ƙuguna sai su ɗau ciwo, tafin hannuna ya mutu. Wata shida na sayar da shi da asara. Ana gyara tsawon sirdi, ana canza kan keke, amma firam in ya yi maka yawa, ya yi ke nan.

Sai maganar kabon na gwanjo. Ba ka san tarihinsa ba, ba ka san ko ya sha faɗuwa ko an danne shi da kaya a kwantena ba. Ƙarfe in ya ji rauni lanƙwasa yake yi ka gani, mai walda ya gyara maka. Kabon kuwa yana iya tsagewa ta ciki fenti ya rufe. Masu duba shi sukan ƙwanƙwasa firam da kwabo su saurara, inda sautin ya dushe akwai matsala, amma ko wannan ba tabbas ba ne. In ya tsage, wa zai ɗinke maka a kusa?

Rashin nauyin da ya sace maka zuciya, mu nan Jos muke cin moriyarsa, da yake hanyoyinmu hawa da gangara ne. Ku a Kano ƙasa shimfiɗe take. A miƙaƙƙen titi iska ce ke cin ƙarfin mutum, ba kilo ɗaya ko biyu na firam ba. Daga tayar keken dutse mai gida-gida ka koma sumul mai 32, a fitar farko za ka ga bambanci. Kuma sarƙa da kaset (jerin haƙoran giya na ƙafar baya) na giya 9 sun fi na 11 araha da sauƙin samu.

In ka saya, ga yadda za ka saita sirdi: auna tsawon ƙafarka daga matsematsi zuwa ƙasa ba takalmi, ka ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne tazara daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Daga nan ka riƙa ƙarawa ko ragewa kaɗan-kaɗan.

Maman Hanif, Kaduna

Sannu Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni kusan duk hawana a cikin gida nake yi, don fita titi a kan keke ba ta yi mini sauƙi a unguwarmu, saboda haka bari in yi magana a kan tirena.

Iri biyu ce. Akwai wadda ake cire ƙafar baya a ɗaura sarƙa a jikinta, irin su Wahoo Kickr. Tana da daɗi, ba ta da ƙara, ita da kanta take ƙara nauyi idan hanya ta yi hawa a allon waya. Amma tana da tsada, kuma yawancinsu sai da wuta. Ni dai ban yarda in jingina atisayena da Nepa ba. Tawa mai sauƙin ce, wadda taya ke gogar wani ɗan gangan ƙarfe, mai ruwan mai a ciki. Ba ruwanta da lantarki. Na ɗaura ƙaramar na'urar auna gudu a ƙafar baya, tana magana da wayata ta Bluetooth.

Manhajar Zwift, mai nuna maka hanya a allo kana tuƙi, kuɗi ake biya duk wata, da kuɗin waje kuma. MyWhoosh kyauta ce, sai dai tana son waya mai ƙarfi da intanet mai kyau. Gaskiya sau da yawa ba na kunna ko ɗaya. Agogo nake sawa: minti 10 ɗumama jiki, sai minti 5 da ƙarfi, minti 3 a hankali, sau huɗu, in rufe da minti 10 na hucewa. Sau uku a mako. Ina ƙoƙarin feda ta riƙa juyawa 80 zuwa 90 a minti.

Abin da ba wanda ya faɗa mini kafin in fara shi ne gumi. A titi iska ke busar da kai, a ɗaki kuwa zuba yake kamar an buɗe famfo. Ka tanadi fanka mai caji ka kafa ta gabanka, da gorar ruwa, da tawul a kan keken, don gishirin gumi yana cin kusoshi da boris ɗin wuya. Nawa sai da suka yi tsatsa kafin in farga.

Shawarata ma, kada ka sayar da tsohon kekenka. Sa masa sumul ɗin taya a baya, ka bar shi a kan tirena dindindin. Gogar nan tana cinye taya da sauri, gara ta ci ta tsoho. Ka dai tabbatar tirenar tana karɓar ƙafa 26. In kuwa sabon za ka ɗora, duba sandar da ke riƙe ƙafar bayansa, kekunan birkin faifai da yawa sandarsu mai kauri ce, sai an sayi mahaɗi daban. Da azumi bayan tarawihi nake hawa, minti 40, kuma ban rasa ƙarfina ba. Ka rufe taga saboda ƙura, maganin shaƙarka ya zauna kusa, ka kuma gaya wa likitanka irin atisayen da za ka yi.

Ɗan Tsere

Ni fa yaya ban goyi bayan Sora ba. Wanda ya ɗanɗana 105 ya san canjin giyarsa daban ne. Na yarda 58 ba taka ba ce, amma me zai hana ka yi haƙuri a kawo wani mai 105 lamba 54? Nan da shekara za ka fara jin Sora ta yi maka kaɗan.

Baba Mai Gyara, Damagaram

Ɗana Baban Ummi, shekarata 40 da ɗoriya ina gyaran keke, tun zamanin Raleigh da Phoenix. Yaron da ya ce ka jira yana da hujjarsa, amma hunturu ba zai jira kwantena ba, kuma ƙirjinka ne abin dubawa.

Abin da ke kawo mini irin kekunanku ba giya ba ne, tsidau ne da ramuka. Taya 25 in ta faɗa rami, bakin rim ke cizon tif ya huda shi wuri biyu. Mai 32 tana ɗaukar iska da yawa, ba sai ka cika ta tam ba. Birkin roba na kekunan tsere kuma yawanci ba ya barin taya ta wuce 28, ka ga kabon ɗin ya ɗaure ka ke nan. In ka samu hali, sa tayar Schwalbe Marathon, ƙaya ba ta cika ratsa ta ba.

Bawul ɗin kekunan nan siriri ne, famfon mai faci na bakin hanya ba ya kama shi. Sayi ɗan mahaɗin tagulla ka jefa a aljihu tare da tif guda. Kada ka zuba wa sarƙa baƙin man inji, da ƙurar hunturu yake haɗuwa ya zama kamar yashi, ya cinye haƙoran kaset. Busasshen man sarƙa za ka nema, ka goge da tsumma bayan kowace fita. Kuma kafin ka biya, tsaya bayan keken ka dubi macanjin giya, in ya karkata ciki, ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe, a gyara maka ko a rage kuɗi.

Baban Ummi, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da yamma na koma na hau duka biyun. A kan 58 ɗin sai da na miƙe hannu gaba ɗaya kafin in kamo birki, abin da ban lura da shi ba ran farko. Na ba da kafin alƙalami a kan na alminiyam. Baba, na duba ƙarfen nan, ya ɗan karkata, mai kayan ya yarda zai miƙe shi kafin Asabar. Ɗan Tsere, in Allah ya hore nan gaba ma yi maganar 105.

Hajiya Maman Hanif, tsohon keken zai zauna a kan tirena kamar yadda kika ce. Ɗakin da zan sa ta yana jikin na yara, kuma bayan isha nake son hawa. Ƙarar irin taki tana hana barci, ko shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa ta wadatar?