Kuɗin Gida da Bashi Kafin a Kammala Rabuwar Aure

Idan kuna shirin rabuwar aure, abin da za ku fara sani shi ne, banki ba ruwansa da rabuwarku. Muddin ku biyu kuka sa hannu a takardar bashi, zai iya bin kowannenku ya biya duka, ko da kotu ta ɗora wa ɗaya daga baya. Saboda haka kar fushi ya sa a daina biyan bashin, haka ma haya, wuta da ruwa. A biya, a adana rasit, a ɗauki hoton bayanan asusu tun yau.

Kwashe asusun haɗin gwiwa dare ɗaya kuwa, na ga ganganci ne, alƙali zai tambaya. Gara a rubuta wa zai biya me. In an kasa daidaitawa, lauya ya nemi umarnin wucin gadi daga kotu.