Tambaya: kullun rogo yana sulɓewa a tsomi na uku cikin baba

Assalamu alaikum marina da maɗinka. Ina neman shawara kan buga zane a farin yadin auduga da kullun rogo, irin na adire eleko na Yarbawa, inda kullun ke hana baba kama wurin da aka shafa shi. Ƙyallayen za a yanka ne a haɗa bargon ado na rataye a bango, don haka dole layukan su fito tsaf.

Yadin an wanke shi da ruwan zafi da sabulu, sitacin kamfani ya fita. Haɗin kuwa garin rogo kofi 1, ruwa kofi 4, alif ƙaramin cokali 1, ana tuƙawa a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin talge, a tace. Ana shafa shi ta cikin faifan roba mai hudajjen zane, fuska ɗaya, ya sha inuwa kwana 2.

Tsomi na farko, minti 2, lafiya lau. A na uku kullun ya jiƙe ya fara sulɓewa, siraran layuka su cike da shuɗi, gefen zane ya dusashe. In an ƙara gari, sai ya tsattsage wajen bushewa, baba ya bi tsagar. In aka shafa kaki maimakon kullun, yana riƙewa, amma yana barin maiƙo, allura ta riƙa cijewa.

Ruwan baban da nake rini da shi na soda ne da haidiro (hodar sinadarin rini), ba na toka irin na marinar Ƙofar Mata ta Kano ba. Shin ƙarfin sodar ke cin kullun? Ko sai ya bushe ƙarau kafin kowane tsomi? Alif nawa kuke sawa a kofi ɗaya na gari?