Shin tsarin mulkin Amurka ya yi wa wa'adin haƙƙin mallaka iyaka da gaske?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum. Kundin tsarin mulkin Amurka, a sashe na 8 na babi na farko, ya ba majalisar dokoki ikon kare haƙƙin marubuta da masu ƙirƙira, amma ya ce kariyar ta ƙayyadadden lokaci ce, kuma manufarta ita ce ciyar da ilimi gaba. Dokar farko ta 1790 ta ba da shekara 14, da damar sabuntawa sau ɗaya, amma yau wa'adin ya kai tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Idan majalisa na iya ƙara wa'adi duk sa'ad da ya kusa cika, mene ne amfanin wannan sharaɗi?

Malamin Jami'a:
Wa alaikumus salam, Malama. Wannan tambaya ce aka kai gaban Kotun Ƙoli a shari'ar Eldred da Ashcroft, wadda aka yanke a 2003. Eric Eldred yana sanya tsofaffin littattafan da wa'adinsu ya ƙare a intanet domin kowa ya karanta kyauta, sai dokar 1998 ta ƙara shekara 20, har ga ayyukan da aka riga aka wallafa, shi ya sa ya kai ƙarar gwamnati yana ƙalubalantar dokar. Alƙalai 7 cikin 9 sun ce majalisa ba ta wuce gona da iri ba. Mai shari'a Ginsburg, wadda ta rubuta hukuncin, ta kafa hujja da cewa wa'adin da ke da ranar ƙarewa ƙayyadadde ne ko da an tsawaita shi, kuma majalisa ta yi irin wannan ƙari a 1831 da 1909 da 1976.

A ganina, hujjar Mai shari'a Breyer, wanda ya ƙi amincewa tare da Mai shari'a Stevens, ta fi ƙarfi. Ƙarin wa'adi ba zai sa marubucin da ya rasu ya sake rubuta komai ba, saboda haka babu ilimin da aka ciyar gaba. Magada da kamfanoni ne kawai ke cin riba. Asarar kuwa a fili take. Mai kula da ɗakin karatu zai riƙe littafin da takardunsa suka fara rugurgujewa, ba ya kasuwa, ba a san magajin marubucinsa ba, amma yana tsoron yaɗa shi a intanet don kada a maka shi a kotu.

Lauya Mai Zaman Kansa:
Malam, da girmamawa, akwai dalilin da ba ka ambata ba. Tarayyar Turai ta mayar da wa'adinta shekara 70 bayan rasuwa tun 1993, kuma ƙa'idarta ita ce ba ta ba marubucin waje kariyar da ta wuce wadda ƙasarsa ke ba shi. Da Amurka ta tsaya a shekara 50, da marubutanta sun yi asarar shekara 20 a kasuwar Turai, kuma kotu ta karɓi wannan a matsayin dalili mai ma'ana. Ban da haka, ƙari marar ƙarewa da ake tsoro bai faru ba, domin a ranar 1 ga Janairun 2019 ayyukan 1923 sun zama na kowa, majalisa kuma ba ta sake ƙara komai ba.

Malamin Jami'a:
Gaskiya ne, Barista, amma majalisa ce ta kame hannunta, ba kotu ce ta taka mata birki ba. Hasali ma, a shari'ar Golan da Holder ta 2012 kotun ta amince a mayar da kariya ga wasu ayyukan ƙasashen waje da suka riga suka zama na kowa a Amurka. Abin da kundin ya hana a fili shi ne kariya ta har abada, kuma har yau kotun ba ta faɗi adadin shekarun da za ta ce sun yi yawa ba.