Neman shawara: an tura ni yin sulhu, amma wanda aka cuta bai ma san za a saki mutumin ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni jami'ar walwala ce a wani gidan gyaran hali a Arewa. Akwai yaron da aka ɗaure shekara 6 kan ƙwacen waya, ya sari wani tela a hannu. Saura masa wata 3 ya fita, ya ce yana son neman gafara, oga ya ce in je in ga mutanen. Na je jiya. Mahaifiyar telan ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta tashi ta shige ɗaki. Shi kuma ya miƙo min hannun dama: yatsu 3 a sandare, almakashi ma ba ya riƙuwa. Tambaya ɗaya ya yi min: "Ba shekara 6 alƙali ya ce ba?" Wallahi na rasa bakin magana. In koma ne, ko in ƙyale su?

Tsohon gandiroba: Wa alaikumus salam, 'yata. Kin fara da wutsiya kin bar kai. Mutanen waje ba su san shekarar gidan yari wata 8 ba ce. Ana rage wa ɗaurarre kashi 1 cikin 3 idan bai yi laifi a ciki ba, shi ya sa 6 ta koma 4. Mu mun san wannan kamar sunanmu, shi kuwa telan lissafin 6 yake yi a ransa, sai ga ki da kaki kina maganar gafara. Na yi shekaru ina buɗe wa mutane ƙofa, kuma da kunya nake faɗa, ban taɓa tambayar ko wanda suka cuta ya sani ba. Sai dai su yi kiciɓis a kasuwa ko a masallacin Juma'a. Ki koma, amma da bayani kawai: ga lokacin fitarsa, ga dalili. Ki ajiye kakin a gida.

Wata lauya: Dokar da ta sauya sunan hukumarku daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali a 2019 ce ta kawo sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, da zaman iyalai, kuma ana iya yi ko mutum yana tsare ko bayan ya fita. Don haka wata ukun nan ba wa'adi ba ne a kan telan. In ya ce a'a, magana ta ƙare, kuma ba ta shafi ranar sakin ba. Ki duba takardar hukuncin. Sashe na 319 na dokar shari'ar laifuka ta 2015 ya ba kotu damar sa mai laifi ya biya diyya, jihohi kuma sun yi irin tasu. In alƙali ya yanke diyya ba a biya ba, daga nan za ki fara.

Wani malami: Yafiya haƙƙinsa ce shi kaɗai. A Suratus Shura, ayar da ta ce ladan mai yafewa yana ga Allah, mai bi mata ta ce babu laifi ga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi. Kada ki tara masa liman da mai unguwa, kunya za ta sa ya ce ya yafe alhali zuciyarsa na tafasa.

Wata uwa: Ni an taɓa yi wa ƙanena irin wannan ta'asar. Abin da ya fi mana ciwo, kowa ɗaurarren yake tambaya, ya ci, ya koyi sana'a. Ki tambayi bawan Allahn nan da me yake ci yanzu. Kuma unguwarsu ɗaya da yaron?

Mai tambaya: Layi biyu ne tsakaninsu, Hajiya, ban ma kawo wannan a raina ba. Na gode muku. Na duba fayil, babu maganar diyya. Na kira yayan telan, ya ce in zo ranar Asabar bayan la'asar, lokacin tsohuwar tana islamiyya.