Shin ibuprofen na hana karaya haɗewa?

Malam Isuhu, mai farmasi: Assalamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana: mai karaya kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac. Kumburin kwanakin farko shi ne ke tara abin da zai ɗinke ƙashi, sinadarin prostaglandin ne ke tayar da shi, waɗannan magunguna kuma shi suke toshewa. Ai har indometacin, ɗan uwansu, ake bayarwa bayan aikin ƙugu don hana ƙashi tsirowa cikin tsoka.

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiyarku game da indometacin, amma na makonni ake shan sa. Jinkirin haɗewa an fi ganin sa ga dabbobin gwaji da manyan da suka daɗe suna sha. Kwana 3 zuwa 5 na ibuprofen 400 mg, sau uku a rana bayan abinci, tare da paracetamol gram 1 duk awa 6, ba shi ne zai ɓata ɗori ba. Inda nake janye hannu shi ne ƙashin da jini bai wadace shi ba: ƙwauri, wuyan ƙashin cinya, ƙaramin ƙashin wuyan hannu na gindin babban yatsa. Haka mai shan taba da mai ciwon suga.

Abdulkarim, mai jinya: Yara fa, Dakta?

Dakta Hadiza: Ibuprofen 10 mg kowane kilo, duk awa 8. Yaro mai kilo 20 ke nan 200 mg. Codeine kuwa haram ga ɗan ƙasa da shekara 12.

Hajiya Ramatu, ungozoma: Ku ƙashi kuke ji wa tsoro, ni ƙoda. A zafin Afrilu na Tawa, ɗan kabu-kabu ya faɗi, ya zubar da jini, bai sha ruwa ba, a yi masa allurar diclofenac, ya koma gida ya sayi ibuprofen wurin mai tallar magani a tire. Dangi ɗaya ne su biyun: sauƙin bai ƙaru ba, sai illar ta ninka. Mai ciki kuma daga wata na shida sam ba ta sha.

Malam Isuhu: To na sassauta, Hajiya, amma banda diclofenac ga mai ciwon zuciya, ga sauran mutane kuma kada ya wuce 150 mg a rana. Naproxen, shi ma danginsu, ya fi sauƙi ga zuciya, sai dai yana cin ciki. Tsoho ko wanda ya taɓa yin gyambon ciki, in ya zama dole, a haɗa masa omeprazole 20 mg don kare ciki.

Abdulkarim: Sai a faɗa wa dangi wannan kuma: ciwon da ke ƙaruwa duk da magani, yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ko sun mutu, miƙe su na sa ihu, ɗaurin ne ya matse, na asibiti ne ko karan maɗori. A kawo shi a kwance ɗaurin a daren, kada a ƙara masa tramol a jira safiya.