Kimiyyar Siyasa: karatu ne ko ɓata shekara huɗu?

Kawu na Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Na ji Auta ta samu gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma Kimiyyar Siyasa aka ba ta, ba karatun lauya da ta nema ba. Ni shawarata ta haƙura ta sake zana JAMB baɗi. Siyasa ba a aji ake koyon ta ba. Shi kanshi marigayi Umaru da aka sa wa jami'ar sunansa, ilimin sinadarai ya karanta a Zariya, ya yi gwamna shekara 8, ya zama shugaban ƙasa a 2007. Buhari soja ne, Malam Aminu Kano malamin makaranta. Wa ya tambaye su digirin siyasa?

Goggo: Wa'alaikumus salam. Yaya, ni ma hankalina bai kwanta ba. 'Ya mace da siyasa? Gobe a gan ta bayan mota da lasifika, mai neman aurenta ya ja da baya.

Yaya Babba: Kawu, Allah ya ƙara girma, ku yi mani afuwa, abu biyu aka haɗa wuri ɗaya. Goggo, ba yawon kamfe ake koyarwa ba. Ni abin na karanta, ban taɓa riƙe katin jam'iyya ba. Abin da ake koyo shi ne yadda mulki ke aiki: wa ke da iko a kan me, kuɗi daga ina suke fitowa, ta hannun wa suke bi. Jiharmu ta Katsina na da ƙananan hukumomi 34. Shekara da shekaru talaka na zagin ciyaman don babu magani a asibitin ƙauye, bai san sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ne ya tanadi asusun haɗin gwiwa, inda kuɗin ƙaramar hukuma ke fara sauka a hannun jiha ba. Sai a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan su kai tsaye. Ranar nan a majalisarmu ta bakin masallaci, mutum kusan 20, babu wanda ya gane abin da hukuncin ke nufi sai da na zauna na warware masu har aka kira isha'i.

Kawu na Ƙofar Ƙaura: To ka warware masu, nawa suka ba ka? Kada ka ji zafina, ɗana ne kai. Shekara 3 ka yi bayan bautar ƙasa kana zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS. Da idona na ga mahaifiyarka ta sayar da tumakinta biyu don kuɗin rajistarka ta aji uku.

Yaya Babba: Gaskiya ne Kawu, kuma har gobe abin na ci mani rai. Na kai takarduna wata ma'aikata, aka ce sai na zo da wasiƙar wani babba. Amma layin da muka bi ranar, akwai mai digirin lissafi a gabana, akwai injiniya a bayana. Rashin aikin bai zaɓi kwas ba.

Ɗan Daura: Bari in sa baki. Ni ina tsakiya. A zaɓen 2023 ina bautar ƙasa, aka ba ni rumfar zaɓe. Na ga wakilin jam'iyya, dattijo, ya shekara 30 yana siyasa, ya san kowane gida a unguwar da sunan mai shi. Da aka gama ƙirga aka miƙa mashi takardar sakamako, EC8A, ya sa hannu, juya ta yake yi bai san inda zai duba ba, bai ma san yana da haƙƙin karɓar kwafinsa ba. Shi ya san mutane, mu mun san takarda. Kuma Kawu, wanda ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, Farfesa Attahiru Jega, wannan fannin ya karanta ya kuma koyar a Jami'ar Bayero.

Kawu na Ƙofar Ƙaura: Jega ɗaya ne. Ku nawa ake yayewa duk shekara daga Katsina da Dutsin-Ma da Kano da Zariya? Lauya ko ba a ɗauke shi aiki ba zai buɗe ofishinsa. Nas ma haka, ko a kemis za ta ci abinci. Ita wannan me za ta buɗe?

Ɗan Daura: Nan kam kuna da hujja, ba zan musa ba. Wanda ya fito da kwalin kawai zai sha wuya. Dole ta haɗa da wani abu a hannu: kwamfuta, rubutun rahoto da Turanci mai kyau, ko Faransanci tunda ga Maraɗi nan kusa da mu.

Auta: Kawu, Goggo, ina gaishe ku. Na yi shiru ne don manya na magana. Gaskiya lauya na nema, na yi kuka da sakamakon ya fito. Amma darasin Gwamnati shi na fi ƙauna tun ina aji huɗu a sakandare. Tun da 'yan'uwanmu na Batsari suka zo suka cika mana zaure da tabarmi saboda ɓarayin daji nake tambaya: me ya sa gwamna ba zai iya ba 'yan sanda umarni yadda yake so ba? Malaminmu ya ce tsarin mulki ne ya sa su ƙarƙashin tarayya. Ina son in san wa ya tsara haka, da yadda ake canza shi. Ban ce zan tsaya takara ba, Goggo.

Goggo: Allah sarki 'yata. Ban manta yaran nan ba, har da mai goyon da ta kwana uku ba ta ci abinci ba.

Kawu na Ƙofar Ƙaura: Na ji ki. Ra'ayina bai canza ba, amma ba zan hana ki ba. Sharaɗina ɗaya: duk hutu ki zo shago ki riƙe mani lissafi a kwamfuta. Babba, ka binciko mani nawa ne kuɗin rajista da ranar rufewa kafin Juma'a.