Abin da na tsinta kan musayar ɗalibai da maganar kiredit

Mun daɗe muna tattaunawa da waɗanda suka je musaya jami'o'in waje suka dawo, kuma kusan duk bakinsu ɗaya, wai kar ka kuskura ka hau jirgi sai shugaban sashenku ya sa hannu a rubuce kan kwasakwasan da za ka ɗauka, don alkawarin baki ba ya shiga takardar sakamako. A shirin Erasmus na Turai ma dole ne, kai da jami'arku da wadda za ta karɓe ka duk sai kun sa hannu kafin tafiya.

Sannan lissafin kiredit, wato ma'aunin nauyin kowane kwas, ba ɗaya ba ne. A Turai kiredit 30 ne semesta, 60 shekara, a Amurka kuwa semesta kan kama 12 zuwa 15, to ka tambayi yadda naku za su juya shi tun da wuri.

Wanda ya fi taɓa ni, wata ta ce tana isa ta tarar an soke kwas biyu, ta canza su da wasu ba ta turo wa sashensu na gida imel ba, ta dawo aka ƙi ƙirga su, wallahi semesta guda ta maimaita. Ka adana manhajar kowane kwas da ayyukan da ka miƙa, za a iya nema.